Siminti a Kan Bangon Baba

Amina, Bashir, Ummi, kun tashi kuna jin magana ɗaya game da rasuwar kakanku, Malam Tanimu magini. Wai ƙanena Shehu, Baffanku, shi ya shafe gidanmu na birnin Zariya da siminti don a ce ya waye, bango ya ruɓe ta ciki, ya faɗa wa tsohon. Haka gwaggonninku suke faɗa, haka kuka ɗauka, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce haka ne ko ba haka ba ne. Yanzu ga ni zaune a ɗakin da Amina ta ware mini a gidanta na Al Rayyan, kusa da Doha, gwiwa ta ƙi, aiki ya sallame ni, uzuri ya ƙare mini. Ni na sa aka shafa simintin nan. Zan gaya muku yadda aka yi, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Gidanmu na ƙasa ne tun daga zaure har ɗakin girki, kakan Baba ya kafa shi, kuma abin da ya riƙe shi duk tsawon zamanin nan yaɓe ne. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, mazan gidan duka sai sun hallara. A haƙo jar ƙasa, a zuba mata ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta kwanaki ta yi tsami, sannan a bi bango da ita da tafin hannu, a rufe duk inda daminar bara ta ci. A ƙarshe a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Mata suna can suna tuƙa tuwo a babbar tukunya, Baba yana saman tsani yana faɗa da kowa. In kun duba bangon zauren a lokacin, za ku ga sawun yatsun mutanen da suka daɗe a kabari. Shehu ya zauna a gaban Baba ya koyi sana'ar har ya iya. Ni boko na bi, na karanta ginin kankare, aiki ya kawo ni Doha, na shiga cikin masu tayar da dogayen benayen nan da kuke gani a bakin teku. Baba ba ya kirana da sunana sai in magana ta yi zafi. Kullum "Injiniya" ne, yana faɗa yana murmushin da ban taɓa gane yabo ne ko tsokana ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Baba ya doshi tamanin, yanar ido ta rufe masa ido biyu, amma bai daina hawa tsani ba. Da hannu yake laluben bango ya gane inda ya tsage. A yaɓen da ya wuce ƙafarsa ta zame, Allah ya sa Shehu yana ƙasa ya tare shi. Na ji tsoro ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa: ina jin kunya. Abokan aikina suna nuna hotunan gidajen da suka gina wa iyayensu, ni kuwa mai zuba kankare hawa arba'in, ubana yana kwana a ɗakin laka. Sau uku ina roƙonsa ya bari a shafe gidan da siminti a huta da yaɓe, sau uku yana ba ni amsa ɗaya.

"Ƙasa numfashi take yi, Injiniya. In ka toshe mata hanci, ta ciki za ta mutu, kai kana waje kana yaba kyanta."

Na ɗauki maganar a matsayin rigimar tsufa. Da na samu kamfanin da yake kafil ɗina, wato mai tsaya mini a ƙasar nan, ya sa hannu a takardun ziyara, na kawo Baba Doha a lokacin sanyi don a yi masa aikin ido, sai na ga dama ta samu. Wata uku zai yi a wurina a unguwar Al Aziziya. Wata uku sun isa a gama komai, ya koma ya tarar da aikin gama, ya yi faɗansa na kwana biyu ya haƙura. Wata rana da la'asar na tsaya a cikin mota a ƙofar gida, don kada a ji ni, na kira Shehu.

"Yaya, abin nan ba ya zama a kan jar ƙasa," in ji shi. "Shekara ɗaya, biyu, zai yi kyau. Bayan nan ruwa zai samu tsaga ya shiga, ba zai fita ba."

"Shehu, ni da kai wa ya karanta gini?"

Ya ce, "Kai ne, Yaya."

"To a kawo kaya, a fara ranar Asabar ta sama. Kuma kada maganar ta je kunnen Baba."

Ku da kuka tashi a nan kuna musu da ni a kan tebur ba za ku gane ba, amma a gidanmu ƙane ba ya ja da wansa sau biyu. Ya faɗi abin da ya sani sau ɗaya, na take shi da takardar makaranta, ya ce to.

Aikin ido ya yi kyau. Ranar da aka cire masa bandeji, Baba ya daɗe yana kallon Ummi, ya ce ashe amaryar tasa baƙa ce, an cuce shi, a mayar masa da sadakinsa. Daga ranar gidan ya cika da tambaya. Akwai taswira a bangon falo, ya tsaya a gabanta ya ce in nuna masa inda muke. Na nuna masa ƙasar, 'yar ƙarama, ta fito daga jikin Saudiyya ta miƙe arewa cikin teku kamar babban yatsan hannu, ruwa gabas, ruwa yamma, ruwa arewa, ta kudu kaɗai ta haɗu da tudu.

"Wato ƙofa ɗaya gare su, kamar zaure," ya ce. "Ina koginsu?"

"Ba su da kogi, Baba, ko ɗaya."

"Me suke sha?"

"Ruwan teku ake tacewa a cire gishirin. Da can kuma rijiyoyi ne."

"Ruwan sama fa?"

"Kwanaki kaɗan a shekara. Wata shekarar ma da ƙyar a gan shi."

Ya yi dariya har da tari. "Ashe shi ya sa kake ganin ka iya gini. Ka zo inda ba Agusta."

Na kai shi ya ga benayen da na yi aiki a kansu, ya ɗaga kai ya ce Allah ya sa albarka, bai ƙara ba. Na kai shi Souq Waqif da hantsi, ina tsammanin nan kam zai ji daɗi, tunda an sake gina kasuwar da fasalin da, da bango mai kaushi da itatuwa a rufi. Ya bi lungu yana shafa bango, masu tura kaya a baro suna ce masa yalla, yalla, wato ya matsa, bai ko kula su ba. Ya ce aikin ya yi kyau, wanda ya yi ya san hannunsa, amma wannan tsufan jiya aka yi shi. Shi garin kakannin mutanen ƙasar yake so ya gani, inda aka zauna aka haihu aka mutu. Sai na tuna da Zubara.

Ranar Alhamis muka tafi, na ɗauki hutun yini ɗaya. Ku riƙe ranar, don Asabar ɗin da ke biye da ita ce za a fara aiki a Zariya. Tafiya ce ta fiye da awa ɗaya zuwa arewa maso yamma, ƙasa shimfiɗe fara fat, tsakuwa da 'yan ƙananan ƙayoyi, raƙuma jefi-jefi, ba dutse ba tudu da ido zai huta a kai. Baba ya yi ta kallo ta taga yana cewa ikon Allah, a ce mutane sun ga wannan wuri sun ce nan za mu zauna. Na gaya masa abin da na sani: ba ƙasar ce ta zaunar da su ba, teku ne. Zubara gari ne na fatake da masu nutso su ciro lu'ulu'u daga ƙarƙashin ruwa. Shekaru ɗari biyu da wani abu da suka wuce jirage suna zuwa daga nesa su tsaya a bakinsa, yana da ganuwa da hasumiyoyin tsaro da kasuwa da manyan gidaje. Ruwan sha kuwa daga rijiyoyin da ke can bayan gari ake kawo shi. Aka kawo masa yaƙi daga teku aka ƙone shi, waɗanda suka rage suka sake zama a wani ɓangare, sannan suka riƙa tashi gida-gida, har ya zama ba kowa. Yashi ya zo ya rufe shi ruf, kuma rufewar ce ta adana shi.

Da muka isa ban ga komai ba sai fili da tarin duwatsu, da teku a gaba yana ƙyalli. Baba kuwa ya ga gari. Yana tafe da sandarsa yana nunawa: nan ƙofa ce, ga inda aka karkatar da ita don kada na waje ya hango mata, daidai irin tamu. Nan tsakar gida, nan murhu, nan wanda ya yi ginin ya gaji ko an ƙi ba shi abinci, dubi yadda layin ya karkace. A lokacin ana tono ana gyaran wasu bangaye, sai muka tarar da ma'aikata, shugabansu wani ɗan Sudan mai suna Adamu. Da ya ji muna magana sai ya ajiye abin hannunsa ya gaishe mu da Hausa, wata iri mai nauyi. Kakanninsa sun fito aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Cikin minti biyar shi da Baba sun durƙusa a gindin bango kamar sun shekara tare. Baba ya kankaro ɗan farin abu ya ɗora a harshe.

"Gishiri," ya ce. "Ku daga ƙasa yake cin ku, mu ruwa daga sama. Da me kuke cikewa?"

"Farar ƙasa da yashi, Baba, irin abin da masu garin suka yi aiki da shi."

Baba ya saci kallona, idon nan sabo yana walƙiya, sannan ya juya ga Adamu. "Ga siminti cike da ƙasarku, har ɗana yana gina sama da shi. Me ya hana ku shafe shi ku huta?"

"A'a, Baba, ai kashe bangon za mu yi. Siminti ya fi dutsen nan ƙarfi. Danshi in ya shiga bayansa ba ya samun hanyar fita, sai ya zauna yana cin na ciki. Waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Rana ɗaya sai ka ga ya zube gaba ɗaya."

Baba ya tafa hannu ya ce, "Injiniya, ka ji? Ba ni na faɗa ba, ga mai hular kwano irin taka."

Na yi dariyar yaƙe. Wayata tana aljihun gaba, ina jin nauyinta a ƙirjina. Abin da ake bukata kawai in koma gefe in ce, Shehu, a dakata. Amma sai na shiga gaya wa kaina cewa dutsen bakin teku daban, jar ƙasar Zariya daban, an riga an sauke kaya a ƙofar gida, unguwa ta gani, in aka fasa me za a ce. Gaskiyar ita ce ba na so in kira ƙanena in ce masa shi ne da gaskiya.

Kafin mu tafi Baba ya zauna a kan wani dutse yana fuskantar teku. Iska tana kaɗa masa babbar riga. Sannan ya kira ni da sunana.

"Lawal, ka ce yaƙi ya ci garin nan. Ni ban yarda ba. An ƙone gari an sake gina shi, ba yau aka fara ba. Abin da ya kashe shi, shekara ta zo aka rasa wanda zai dawo ya taɓa bango. Wannan ya ce wancan zai je, wancan ya ce baɗi." Ya juyo ya dube ni. "Bana ka zo yaɓe. Yanzu ina gani. Ina so in ga hannunka a bangon gidanmu ko sau ɗaya, kusa da na Shehu."

Na ce, "In sha Allahu, Baba." Na faɗa ina sane da cewa kafin ya koma ba sauran bangon da za a yaɓa.

Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ban da Shehu ita kaɗai ta san shirin. Da muka dawo na ba ta labari, ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Amina, don girman Allah ka kira Shehu. Yau Alhamis, da sauran lokaci." Na ce mata khalas, an gama magana, ta bar mini harkar gidanmu. Ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah, amma akwai kallon da takan yi mini duk lokacin da aka ambaci sunan Shehu.

Ban raka Baba gida ba, na ce aiki ya riƙe ni, na haɗa shi da wani abokina mai tafiya Kano. Abin da ya faru a ƙofar gida daga baya aka ba ni labari. Ya sauko daga mota, da idon da ya yi shekara biyar bai ga gidansa ba, ya tarar da shi toka-toka sumul tun daga zaure har rufi, sawun yatsun nan duk sun tafi. Maƙwabta sun taru suna yi masa barka biyu, ta ido da ta gida. Ya tsaya ya tambaya wa ya yi wannan. Shehu ya durƙusa ya ce, "Ni ne, Baba." Daga ranar Baba bai sake cin abinci a kwano ɗaya da shi ba. Ni kuwa in na kira, sai ya tambayi amaryarsa Ummi, ya tambayi Adamu na Zubara ko na sake ganinsa, ya sa mini albarka. Ban je yaɓe ba a shekarar, ba wanda ya je, don babu yaɓe. Taron da yake haɗa mazan gidanmu shekara-shekara ya mutu daga nan, ban ma lura ba sai daga baya.

A damina ta uku, cikin Agusta, aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da ya ɗauke, Baba ya yi sallar azahar ya shiga ɗakinsa ya kishingiɗa. Bangon gabas ya zo gaba ɗaya. Waɗanda suka tono shi sun ce simintin ya ɓallo falle-falle kamar faranti, ƙasar da ke bayansa kuwa ta zama kamar kunu. Na iso washegari, an riga an kai shi. A zaman makoki, gaban mutane, yayarmu Hajara ta fito har zaure, abin da mace ba ta yi, ta nuna Shehu da yatsa.

"Kai ka kashe shi! Kai da ka san ƙasa, ya koya maka da hannunsa, ka rufe shi da rai don a ce kai ma ɗan zamani ne!"

Shehu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ba roƙo a idonsa, ba zargi, dubawa kawai ya yi ko zan yi magana. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Har yau zan iya zana muku saƙar tabarmar nan.

Abin da shirun ya jawo masa kun ga wani, ba ku ga wani ba. Magini ne, kuma a birni an ce bangonsa ya kashe ubansa, wa zai sake kiransa aiki? Ya bar gidan, ya koma bayan gari yana buga bulo a ƙarƙashin wasu. Lokacin auren Amina shi ya kamata ya zama waliyyi, gwaggonninku suka ce ba za su zauna ba in shi ne, na ba wani ɗan uwa na nesa, na ce don a zauna lafiya. Ya zo ɗaurin auren duk da haka, ya tsaya a sahun baya. Bashir, na ga lokacin da ya miƙo maka hannu ka ba shi yatsu biyu ka juya. Ban ga laifinka ba. Abin da na bari ka sani ke nan.

Watan jiya na ce Amina ta kai ni Zubara, ta ɗauka yawon tsufa ne. An gyara wurin, an yi hanyar katako da mutum zai bi har cikin gari, bangayen da Adamu ya cike suna nan tsaye. Na ce ta jira ni a mota. Na nemi dutsen da Baba ya zauna ban gane shi ba, na zauna a wanda na samu, na kira Shehu. Na ce masa zan rubuta komai in ba yara, in aika wa Hajara, na roƙe shi gafara.

"Yaya, ai ni na yafe tun ba yau ba," ya ce. "Amma tunda za ka rubuta, akwai abin da ban gaya maka ba. Baba ya sani."

"Ya san me?"

"Ya san kai ne, tun ranar da ya sauka. Ya ce ni ba ni da wannan ƙarfin halin. Fushin da ya yi da ni, cewa ya yi kai ba ka san ƙasa ba, ni na sani, ni ya kamata in ƙi."

Teku yana ta bugun gaɓa, ina jin numfashin Shehu a waya.

"A damina ta biyu," ya ci gaba, "ya ƙwanƙwasa bangon ɗakinsa da sanda, muka ji yana amsawa kamar ganga. Na ce Baba, ka bari in kankare shi in mayar da yaɓe, sati biyu na gama, ko ka koma ɗakin zaure. Ya ce a'a. Ya ce in aka ga muna kankarewa, unguwa za ta tambaya, magana za ta fito, a ce ɗan Tanimu da ke gina benaye a ƙasar Larabawa bai san gini ba. Ya ce, ku bar wa Injiniya aikinsa, zai zo da kansa ya gani, mu gyara tare."

Ban je ba. Damina biyu yana kwana a gindin bangon da ya san ya mutu, yana jirana.

Na rubuta wa Hajara, wasiƙar tana hannun Amina. Ku kuma abu ɗaya nake nema a wurinku, ba sai na mutu ba, bana. Ku je Zariya ku uku, ku nemi gidan Baffanku a bayan gari, ku cire takalmi, ku durƙusa har ƙasa ku gaishe shi. Bashir, hannu biyu za ka ba shi. Zauren gidanmu yana nan bai faɗi ba, Shehu ya ce in aka kankare shi zai yi rai. Na sayi tikitina na watan da ake yaɓe. Gwiwata ba za ta hau tsani ba, amma hannuna yana kaiwa daidai kafaɗa, kuma Shehu ya ce zai nuna mini yadda ake yi.